Sai Lahadi Mai Zuwa

Aina'u ba ta kai ga sauke tukunyar koko ba, mata uku suka yi sallama suka shigo, suka nemi gefen tabarma suka zauna. Litinin ce, washegarin kasuwa, kuma duk Kwarin Gawo an san abin da ke kai mace gidan Nababa dillali ranar Litinin da farar safiya. An dai gaisa, an tambayi kwana da gajiya, amma kowacce idonta na kan ƙofar turakar maigidan.

Safiyatu ce ta fara gajiya da kawaici.

"Aina'u, maganar kuɗin tunkiyata na zo ji. An ce Lahadi, Lahadi ta wuce. An sake cewa Lahadi, jiya ma ta wuce. Ni fa ban san Nababa ba, ke na sani. A hannunki na sa igiyar nan."

"Haka ne, Yaya Safiya. Ki ƙara haƙuri, in ya tashi zan yi masa magana."

"Ba haƙurin ne babu ba, magani ne babu. Yaron nan kwana yake tari."

Matan aure a ƙauyen ba sa zuwa kasuwa. Mace za ta ɗaure tunkiya ko akuya a bayan ɗakinta, ta yi ta fama da dusa da harawa da ƙasari har dabba ta yi kyan gani. In ta ba mijinta ya kai kasuwa, rabin kuɗin a hanya yake narkewa. Shi ya sa suka koma ba Aina'u, tunda mijinta dillali ne a kara, wajen cinikin dabbobi, ita kuma ko allurar wani ba a taɓa jin ta ci ba. Yadda cinikin yake, dabba ta tafi ranar Lahadi, fataken da ke lodin tirela zuwa kudu su ɗauka. Ba sa biya nan take, sai sun kai sun sayar su turo wa dillali, shi kuma ya cire la'adarsa ya miƙa wa mai dabba nata Lahadi mai zuwa. A tsakanin Lahadi da Lahadi dabba ba ta hannun mai ita, kuɗi kuma ba su iso ba. Dillali kaɗai ya san inda komai yake, kuma a wannan tsakanin Nababa ya gina gidansa.

Da matan suka tafi ta zuba koko ta kai masa. Yana kishingiɗe da waya a kunne, yana irin dariyar nan ta dillalai wadda ba ta wuce haƙora. Ta durƙusa har ya gama.

"Malam, su Yaya Safiya sun zo."

"Na ji muryarsu, ai ba kurma ba ne ni."

"To me zan ce musu? Wallahi kunya ta ishe ni."

"Ki ce mutanen kudu ba su turo ba. Banki ne ya riƙe."

"Wancan makon ma haka na ce. Kuma jiya sun ga ka shigo da sababbin raguna, sun ce wanda ba a biya ba da me ya..."

Ba ta rufe baki ba ta ji marin. Kwanon ya kife a cinyarta, kokon da zafinsa ya bi zanenta ya gangara. Ta cije leɓe don kada ta yi ƙara surukarta ta ji. Shi kuwa ya zura hannu a aljihun gefe, ya zaro kuɗi ya watsa mata.

"Ungo, kai wa Safiyatun, ta rufe mana baki."

"Wannan ai na akuyar Bilki ne da ka sayar jiya kuɗi hannu."

"An rubuta Bilki a jikinsu? Ita Bilkin sai Lahadi. Kuma kafin Asabar ina son dabbobi, ki shiga gidaje ki samo."

Ta kwashe kuɗin tana tsiyayar hawaye. Ta kai wa Safiyatu, Safiyatu ta yi ta sa mata albarka, ta kuma yaɗa wa maƙwabta cewa gidan Nababa ba a cin amana, jinkiri ne kawai. Kafin yamma an kawo wa Aina'u tumaki biyu har gida.

Ranar Asabar da la'asar ta dama fura ta nufi zaure da ita, don Abdulmumini, abokin cinikin mijinta, ya zo. Tana daf da ƙofar ciki ta ji suna magana, sai ta dakata.

"Gobe kai za ka riƙo ragon nan mai baƙin wuya," in ji Nababa, "tun kasuwa ba ta cika ba. Zan taya rabin kuɗinsa. Kai kuma ka dafe kai, ka ce an tare hanyar kudu, yau tirela ba za ta zo ba, gara ka rabu da shi. Ka ce 'na sallama' da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma zai ji."

Abdulmumini ya ƙyalƙyale da dariya. "Ragon nan fa ya gaji da mu. Sau nawa ke nan ina sayar maka da shi yana kwana a gidana?"

"Ai shi ne babban ma'aikacinmu. A ƙara masa dusa."

A kara babu allon da ake rubuta farashi. Cinikin farko da kunnuwa suka ji shi ne ma'aunin ranar. In aka ji an sallama ƙaton rago da arha, kowa gabansa ya faɗi. Baƙauyen da ya taso da kuɗin motar zuwa kaɗai ba zai koma gida da dabba ba, duk abin da aka taya sai ya sallama. Su Nababa su saye da fatar baki, ko kwabo ba su fitar ba, tunda biya sai Lahadi. Da azahar tireloli su iso kamar yadda suka saba, su sayar da tsada. Dabbobin matan ƙauyensu kuwa, Nababa ne mai sayarwa, Nababa ne mai saye ta hannun Abdulmumini, sannan ya dawo gida da dogon tsaki ya ce kasuwa ta faɗi, ya kuma cire la'ada a kai.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila har yau yana cin zalin mutane hankali kwance, don irinsa suna nan da yawa da carbi a hannu. Amma haɗama ta ja shi. Ya riƙe kuɗin mutane ya tara raguna yana jiran Babbar Sallah su ninka, sai dabbobi suka kwararo daga arewa, kasuwa ta faɗi faɗuwar gaske, wadda ba shi ya shirya ba. Abin da ya rage dusa ta cinye. Tun daga nan kowace Lahadi sai ya sami sababbin dabbobi kafin ya biya na baya. Shi kuma namiji ne, ba ya shiga gidajen aure. Ƙafar Aina'u ce ke shiga, bakinta kuma ake yarda da shi.

Ta ajiye furar a bakin ƙofa ta koma ciki. Da baƙon ya tafi ta same shi a tsakar gida yana alwala.

"Malam, na ji abin da kuka ce. Ni dai daga yau ba zan ƙara karɓo dabbar kowa ba. Ka ji tsoron Allah, matan nan da guminsu..."

Ya ƙarasa wanke ƙafarsa a tsanake, ya ajiye buta. Ya je turke ya kwanto igiyar ɗaure sa, mai kauri, wadda ta sha fitsari ta yi tauri. Ya finciki Aina'u ta wuyan riga ya jefa ta ɗaki, ya sa sakata. Ya ninka igiyar biyu. Duka na farko ya same ta a gadon baya, ta ji kamar an zuba mata garwashi. Ta yi ƙofa, ya taɗe ta. Ya yi ta zabga mata, a baya, a cinya, a hannun da take kare fuska da shi, yana haki yana tambaya, "Za ki je ko ba za ki je ba?" Ta kira sunan Allah, ta kira Inna, ta kira maƙwabta, har muryarta ta dushe. Sai da aka tayar da sallah a masallaci ya yar da igiyar, ya gyara hularsa, ya fita da sauri kada ya rasa jam'i.

Mahaifiyarsa, Inna Ummu Salma, tana zaune a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa tun farkon abin har ƙarshensa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi daga hannunta ba. Da Aina'u ta rarrafo waje, tsohuwar ta dube ta ta gefen ido.

"Ke ma da neman magana. Namiji yana cikin damuwar kasuwa, ki tare shi da wa'azi? Abincin da kike ci daga ina yake fitowa? Tashi ki sa ruwan zafi ki gasa jikinki, kada ki tara mana jama'a."

Washegari yana kasuwa, ta sa mayafi ta bi ta cikin gonaki zuwa ƙauyen iyayenta. Dawa ta fara kai gwiwa, mutane na ta noma, duk wanda ya gaishe ta sai ta amsa ba ta ɗago ba. A ɗaki ta buɗe wa mahaifiyarta bayanta. Tsohuwar ta sa salati, ta fashe da kuka, ta ɗauko man kaɗe tana shafa mata. Aka kira mahaifinta, Malam Sama'ilu, daga gona. Aina'u ta faɗa masa komai, da ragon da ake sayarwa yana kwana a gida, da kuɗin Bilki da aka biya Safiyatu, da igiyar.

Malam Sama'ilu ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Wa kika faɗa wa ban da mu?"

"Babu kowa, Baba."

"To kada ki faɗa. Kin san san huɗata yana hannunsa? Na ba shi ya sayar in sayi ƙanana biyu, ya ce kuɗin sai Lahadi mai zuwa. In kika tona shi yanzu mutane suka yi masa ca, wa zai biya ni? Da me zan yi huɗar baɗi?"

"Malam, dubi bayan yarinyar nan," in ji uwar.

"Na gani, kuma ban ji daɗi ba. Amma wace macen ce ba a taɓa duka ba? Ta daure ya biya ni tukuna. In kuɗina suka shigo hannu, ni da kaina zan kira shi in ja masa kunne."

Ko ruwan gidan ba ta gama sha ba ya tayar da babur. Ya mayar da ita kafin magariba, ya tsaya a zaure suka gaisa da surukinsa har da tafawa. Ta jiyo Nababa yana cewa, "Baba, kada ka damu, naka ne na farko."

Daga nan duka ya zama kamar abincin gidan. In ta dawo hannu wofi, duka. In mace ta zo ta ɗaga murya a tsakar gida, bayan ta fita, duka. Ya daina neman igiya, abin da ke kusa shi ne, ko takalmi, ko muciya, ko icen girki. Wata Laraba ya buga kanta da bango har kunnenta na hagu ya yi jini. Ta taɓa tarar mai unguwa a hanya ta durƙusa za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ya ce sha'anin miji da mata ba ya shiga. Shi ma tumakinsa na hannun Nababa.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne matan. Aina'u tana shiga gidajensu da ido a kumbure, da leɓe a fashe, tana ɗingishi. Babu wadda ba ta gani ba, kuma katangun ƙauyen ba su da tsawon da za su tare kuka. Amma kowacce tana da tunkiya ko akuya da take jiran kuɗinta, kowacce ta lura cewa in Aina'u ta shiga gidaje ana biya, in ta kwanta ba a biya. Sai su ce, "Sannu, ƙofa ce ta buge ki?" Ita kuma ta ce ƙofa ce. Wata ma har ta raka ta gidan ƙanwarta, ta taya ta lallashi a ba da dabba.

Da gidaje suka ƙare, saura na Asiya. Mijin Asiya ya rasu bara da damina, ya bar ta da yara ƙanana da 'yar gona da awaki biyu, ɗaya da tsohon ciki. Ita da kanta ta aiko cewa tana son sayar da su ta sayi taki, tunda an ce gidan Nababa ba a cin amana. Aina'u ta yi ta kauce wa saƙon, yau ciwon kai, gobe wanki. Ranar Asabar da hantsi Nababa ya ce ta sa mayafi. Ya tasa ta a gaba har ƙofar gidan, ya tsaya a waje da igiya a hannu.

"Ki fito da su duka biyun. Ina nan tsaye."

Ta shiga. Asiya na tsugune tana ba awakin ganyen wake, ƙaramin ɗanta na goye. Ta tashi da murna ta shimfiɗa buhu, don ko tabarmar kirki babu.

"Ai na ce ko kin manta da ni. Ga su nan. Mai cikin ce nake jin tausayi, amma in ban sa taki ba bana ba mu da abinci. Lahadi mai zuwa kuɗin za su zo ko?"

Ta sunkuya za ta kwance igiyar. Aina'u ta dubi kwanon tuwon jiya da yaran suka kewaye, ta dubi rumbun da babu komai a ciki sai kaji. Ta kama hannun Asiya ta riƙe.

"Kada ki kwance."

"Lafiya?"

"Babu kuɗin da za su zo. Wallahi babu. Da awakinki zai biya wata, ke kuma ki shiga layi. Kasuwar ma da yake cewa ta faɗi, shi da Abdulmumini suke kayar da ita da cinikin ƙarya. Duk wadda na karɓi dabbarta na cuce ta. Ke dai ba zan karɓi naki ba, ko zai kashe ni."

Ba ta rage murya ba, kuma katangar Asiya ta zube tun bara, zana aka kafa a wurin. Nababa ya ji kowace kalma. Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa tsallake zauren wani ba, ranar ya banke zanar ya faɗo gidan marayu. Taɓarya na jingine da turmi, ya sure ta. Aina'u ta ɗaga hannun dama, taɓaryar ta sauka, aka ji ƙashin ya ce ƙas kamar busasshen kara. Ta biyu ta same ta a muƙamuƙi, ta faɗi a kan kashin awaki, jini na bulbulowa daga bakinta. Ya bi ta da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari. Asiya ta rungumo shi ta baya da goyonta, ya yi jifa da ita ta bugu da turmi. Ta tashi ta fita da gudu ba ɗankwali tana kururuwa, "Jama'a ku kawo ɗauki! Zai kashe ta! Ya cinye dabbobinku, zai kashe ta!"

Kafin maza su yar da fartanya su iso daga gonaki, ya hau babur ɗinsa ya yi gabas. Aka ɗauki Aina'u a amalanke zuwa bakin titi, aka sa ta a mota sai asibiti a Ɗambatta.

Lahadi ta zo, Nababa bai zo ba, wayarsa a kashe. Ranar Litinin matan Kwarin Gawo suka cika gidansa, wannan karon babu sallama. Inna Ummu Salma ta tare su a tsakar gida tana tafa hannu.

"Ɗana kuka ba? Wadda kuka ba ga ɗakinta can."

Suka kuwa afka. Suka kwashe kwanukan jerenta, suka ciccibi katifa, suka kwance gado, suka raba zannuwa suna fizge-fizge har wani ya yage biyu. Safiyatu, wadda ta fi kowa sa mata albarka, ita ta fita da keken ɗinkinta a ka. Turakar Nababa na nan da kwaɗo a jiki, da rediyo da buhunan dusa a ciki, babu wadda ta taɓa ta, wai ɗakin namiji ne. A bakin rijiya kuwa hukunci ɗaya aka yanke, cewa da ta yi shiru da an ci gaba da biya, bakinta ne ya jawo wa kowa asara.

Abdulmumini bai fasa zuwa kara ko sau ɗaya ba. Ya ce shi ma Nababa ya cuce shi, har ana yi masa jaje. An ce an ga Nababan a wata kasuwa can gabas da sabuwar shadda, yana riƙe da igiyar wani bawan Allah yana rantsuwa. Babu wanda ya kai ƙara, don kowa na tsoron in aka kama shi kuɗinsa sun tafi ke nan.

Asiya ce ta bar yaranta wajen maƙwabta ta zauna jinya. An ɗaure wa Aina'u muƙamuƙi, kunu ma sai da cokali ake ɗura mata ta gefen baki. Sai da aka kwana biyu Malam Sama'ilu ya zo, da lemo a baƙar leda, abin da ba ta iya sha. Ya zauna a bakin gado ya ce sannu, Allah ya sawwaƙe, ya ce ai da ta ji maganarsa da ba a kai ga haka ba. Ya waiga ya ga ma'aikaciyar jinya ta fita, sai ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Aina'u, kafin ya gudu, bai faɗa miki inda ya ajiye kuɗin san nan ba?"

Ta zuba masa ido. Ya ɗauka ba ta ji ba, ya zagaya ta ɗaya kunnen ya maimaita da ƙarfi.

"Baba," in ji Asiya, "likita ya ce ba za ta iya buɗe baki ba sai nan da wata guda."

"To ta nuna mini da hannu mana."

Hannun na kwance a ƙirjinta, naɗe da farin filasta tun daga yatsu har kafaɗa. Malam Sama'ilu ya dube shi, sai ya mayar da idonsa kan ɗaya hannun, ya gyara zama yana jira.